Yadda za ka rubuta labarin tashin yaro a cikin garin Gombe ya fito da kamanninsa

Tambaya: Ina rubuta labarin wani yaro da ya tashi a cikin garin Gombe, ya faɗa harkar kalare, wato gungun samari masu sara da bangar siyasa, daga baya ya yi ƙoƙarin fita. Na saki feji goma sha biyu a WhatsApp, kowane feji fitowa ɗaya ce ta labarin. Wasu masu karatu sun ce labarin bai yi kama da Gombe ba, wasu sun ce wa'azi ya yi yawa, wasu kuma sun ce ina kambama 'yan ta'adda. Ta ina zan fara gyara?

Amsa:

Ɗan'uwa, ƙorafin uku ne amma ciwon ɗaya ne. Duk labarin da aka yi wa waɗannan zarge-zargen lokaci guda, za ka tarar marubucin ya san abin da yaronsa ya aikata amma bai san yadda yake rayuwa ba. Bai san inda yake kwana ba, da wanda yake ba shi kuɗin koko da safe, da wanda yake bin sa bashi. Idan babu waɗannan, abu biyu ne kawai ke rage wa marubuci ya cika feji da su, wato sara da nasiha. Masu ganin saran sai su ce kana kambamawa, masu ganin nasihar su ce kana wa'azi, 'yan garin kuma su ce wannan ba garinsu ba ne. Saboda haka dakatar da sakin feji tukuna. Akwai takardu uku da ya kamata ka rubuta wa kanka, waɗanda mai karatu ba zai taɓa gani ba: taswira, kalanda, da lissafin kuɗi.

Taswirar ba ta garin Gombe gaba ɗaya ba ce. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya duniyarsa ba ta wuce inda ƙafarsa za ta kai shi ta dawo da shi kafin magariba. Zaɓi unguwa ɗaya ta gaske, ko Bolari, ko Jekadafari, ko Herwagana, ko Kumbiya-kumbiya, ko Pantami, sannan ka ƙirƙiri lungu a cikinta da sunan da babu shi. Unguwar ta gaske ita za ta ba ka ƙasa da iska, lungun ƙirƙira kuma shi zai hana wani ya ce gidansu ka rubuta. A kan takarda ka zana wurare shida, kada su wuce haka a kashin farko na littafin: gidansu, masallacin lungu, teburin mai shayi ko majalisar samari, makaranta, wurin sana'a, da iyaka. Iyakar nan ita ce wadda marubuta suka fi mantawa. Titi ne ko kwari ko gada wadda in yaro ya ƙetare ya shiga unguwar da ba tasu ba, inda tafiyarsa ma take canzawa. Gombe a cikin kwari take, tuddai sun kewaye ta, zaizayar ƙasa ta yanka unguwanni da dama, kuma kwarin nan da rani hanya ne da wurin ɓuya da filin ƙwallo, da damina kuma abin da ke cin gida da yaro. In labarinka ya kai feji goma sha biyu ba a ga kwari ba, ba a ga mai kura yana tura jarkoki a yashi ba, ba a ji ana lissafin kuɗin ruwa ba, to da gaskiyar wanda ya ce ba Gombe ba ce.

Duk lokacin da yaron ya ƙara girma, ka buɗe masa wuri ɗaya sabo: Tudun Hatsi lokacin kaka yana dako, injinan casar shinkafa da matsar gyaɗa na Nasarawo, tashar Dukku, filin wasa na Pantami ranar da Gombe United ke wasa, sannan caji ofis. Faɗin taswirar shi ne mai karatu zai ji a matsayin girma, ba sai ka ce masa "shekaru sun shuɗe" ba.

Cikin gida kuwa akwai abu ɗaya da na fi so ka tsaya a kansa, domin a ganina nan ne tashin ɗa namiji yake juyawa a garuruwanmu: ranar da ya bar ɗakin uwarsa ya koma shagon ƙofar gida ko zaure. Kafin ranar, duk shigarsa da fitarsa sai ta ratsa tsakar gida, idon uwa da na kishiyarta da na Goggo a kansa. Bayan ranar, ƙofarsa titi take kallo. Ba wanda ya san ƙarfe nawa ya shigo, ba wanda ya san wa ya kwana a wurinsa, kuma kwanon tuwonsa ƙanensa ke miƙo masa, ko ya ci ko bai ci ba sai da safe a gani. Ba laifin kowa ba ne. Kunya ce da al'ada da ƙuncin ɗaki suka fitar da shi, kuma shi kansa murna yake yi. Ka ba wannan rana babi guda cikakke: wa ya share shagon, wa ya ba shi tabarma ko tsohuwar katifa, su wa ya tarar a ciki in shagon haɗaka ne da 'ya'yan Bappansa, wa ke riƙe da makulli. Duk abin da zai faru a feji talatin masu zuwa ta wannan ƙofar zai shigo.

Sai kalanda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne labari ya yi ta tafiya ba a san shekarar ba, yaro na ɗan firamare yana kallon TikTok, bayan shekara goma kuma farashin kofin shayi bai motsa ba. Tunda kalare kake rubutawa, zaɓe ne agogonka, kuma shekara huɗu-huɗu yake bugawa. A ce an haifi yaron a 2000. Yana da shekara 11 a zaɓen Afrilun 2011, wanda rikici ya biyo bayansa a jihohin Arewa da dama: a nan ɗan kallo ne, yana leƙe ta zaure. Yana da 15 a zaɓen Maris 2015: ɗan aike ne. Yana da 19 a na Fabrairun 2019: shi ke cikin mota. In ka kai shi 2023 yana da 23, ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar, ga cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu. Ka ga littafi ya rabu kashi uku ko huɗu da kansa.

Kowane kashi ka cika shi da kayan zamaninsa. Azumin 2011 a Agusta ya faɗo, tsakiyar damina. Na 2015 daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Na 2019 a Mayu, cikin zafi mai sa mutum kwana a waje. Tashe da tafsiri da sahur ba za su yi kama da juna ba a waɗannan shekarun. Litar fetur naira 65 ce a 2011, ta koma 97 a 2012, ta kai 145 a 2016, kuma in akwai ɗan acaɓa a gidan wannan ba ƙaramin labari ba ne. Mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne daga 2011, sai 30,000 a 2019, ka auna albashin uban da su in ɗan ƙaramin ma'aikaci ne. A 2012 samari hira suke yi ta manhajar 2go a ƙananan wayoyi, suna kai memori wurin masu tura waƙa. Teburin POS a kowane lungu abu ne na baya-bayan nan. A 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line da tashar Dukku, a Yulin 2015 kuma a kasuwa ana jajiberin sallah, ga mutanen Borno da Yobe da suka yi ta shigowa suna neman ɗakin haya. Yaron da ya yi shekara 14 a garin a lokacin ya san shingen bincike, ya san a sauko a tura babur, kuma wataƙila akwai sabon ɗan aji da ba ya son a tambaye shi garinsu. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, saboda haka yadda ake samunsa da tsadarsa kafin wannan wata da bayansa ba ɗaya ba ne. Ba sai ka zuba duk wannan a labari ba. Jimla ɗaya a inda ta dace ta isa, amma kai ka san shi.

Takarda ta uku ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce babu wanda yake son yi. Ɗauki mako guda daga kowane kashi na littafin, ka rubuta abin da ya shiga aljihun yaron da abin da ya fita, kwana bakwai, naira-naira. Nawa ogansa na gareji ko na walda yake ba shi na abinci, in ma yana bayarwa? Nawa ne shayi da burodi, cajin waya, shiga gidan kallon ƙwallo, aski, sabulun wanki? In keke yake ja, nawa ne balas, wato kuɗin da yake kai wa mai keken kullum, kuma me ke faruwa ranar da bai cika ba? Farashin shekarar ka tambayi wanda ya yi sana'ar a lokacin, kada ka ƙiyasta daga na yau. Idan ka gama za ka ga giɓi, kuma giɓin nan shi ne labarin. A ce yana samun ɗari biyu a rana a gareji bayan ya sha zagi da baƙin mai, sai ga wanda zai ba shi dubu ɗaya da riga mai hoto don ya hau mota ya yi ihu na yini ɗaya. Ba ka bukatar ka rubuta cewa talauci ne ya ja shi. Mai karatu zai yi lissafin da kansa, kuma abin da mutum ya lissafa da kansa ba ya kiransa wa'azi.

A gefen lissafin kuɗi ka buɗe shafi na bashin da ba na kuɗi ba: wa ya taɓa tare masa faɗa, wa ya rufa masa asiri, wa ya sayi maganin uwarsa. Wannan ne zai gyara maka matsalar shigarsa kalare, domin na tabbata a rubutunka na farko rana ɗaya ya shiga, ko don an kashe wani nasa, ko don budurwa ta wulaƙanta shi. Wannan hanyar fim ce. A zahiri abin a hankali yake zuwa, kuma kowane mataki a lokacinsa alheri yake kama da shi. Da farko aike ne: sayo sigari, karɓo shayi, riƙe canjin. Sai a raɗa masa laƙabi, kuma karo na farko ke nan da wani babba ya kira shi da abin da ba "kai yaro" ba. Sai ranar da yaran wata unguwa suka tare shi a bakin kwari suka ƙwace masa waya, manyan majalisa suka je suka karɓo, ba su nemi komai ba. Sai a ba shi ajiya a shagonsa, ƙunshi a buhu, a ce kada ya buɗe, shi ma ya san gora ce da adda. Sai gangamin siyasa. Sai ƙwaya ta farko, wadda ba don daɗi aka ba shi ba, don kada ƙafarsa ta yi rawa ne. Sai faɗan farko, wanda bai ma ga fuskar wanda ya sara ba. Sannan kamu, da wanda ya zo ya fitar da shi alhali ubansa ya rantse ba zai taka caji ofis ba. Wannan belin shi ne ƙullin. Daga ranar ba shi da bakin cewa a'a.

Matakai takwas ke nan. Ka ba kowanne feji biyu zuwa huɗu, tsakaninsu kuma rayuwa ta ci gaba: saukar Alƙur'ani, jarrabawar aji uku, bikin Addarsa, wato yayarsa mace, kuɗin rajistar NECO da ba a samu ba. In feji ɗinka kalma 1,500 ne, feji arba'in zai ba ka kalma 60,000, kuma bai kamata jini na farko a hannunsa ya zo kafin feji na goma sha biyar ba. Na san masu karatun WhatsApp za su yi ƙorafin labari ba ya gudu. Abin da ke riƙe su ba sara ba ne, fargaba ce: su ga inda yaron ya dosa shi bai gani ba.

Game da su kansu 'yan kalaren, ka san tarihin daidai gwargwado. Masu bincike da yawa na danganta asalinsu da ƙungiyoyin farauta, kafin siyasa ta ɗauke su haya bayan dawowar mulkin farar hula, kuma a 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta sa Gombe cikin jihohin da ta yi misali da su a rahotonta kan tashin hankalin siyasa. A Bauchi sara-suka ake cewa, a Kano daba. Kada ka kwaso kalmomi da tsarin daba na Kano ka jibga a Bolari, nan take za a gane. Kuma abin da marubuta ke tsallakewa shi ne watannin bayan zaɓe, lokacin da wayar mai gidansu ɗan siyasa ta daina shiga, kuɗi ya ƙafe, amma ƙwaya da makami da gaba suna nan. Daga nan ne ƙwacen waya da tare hanya da faɗan unguwa da unguwa ke ƙaruwa. Wanda ya rubuta waɗannan watannin da gaskiya, yunwarsu da zaman banzansu da yadda abokai ke fara cin amanar juna a kan dubu biyu, babu mai ce masa yana kambamawa.

Faɗa kansa ka gajarta shi. Rabin feji ya isa. Ba a jawabi a tsakiyar sara, ba a kirari mai layi goma, kuma mutum ɗaya ba ya tarwatsa ashirin. Tsawon ka ba abin da ya biyo baya: wa ya ɗauki wanda aka sara, a babur ko a keke, me ya sa aka kai shi kemis na lungu aka yi ɗinki a ɓoye maimakon asibiti, yadda ciwon ya ruɓe bayan kwana biyar, yatsun da ba su ƙara lanƙwasuwa ba, wanda kuma ke nufin ya bar walda har abada. Uwar wancan yaron ma ka nuna ta ko sau ɗaya, tana da suna, tana da sana'a.

Wurin hukuma nan ne ake tafka kurakuran da lauya ko ɗan sanda zai ajiye littafinka a kansu. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita arba'in, in babu cikin kwana biyu, kuma a rubuce beli a caji ofis kyauta ne. Abin da ke faruwa a aikace kowa ya sani, kuma tazarar da ke tsakanin rubutun da aikin ita ce abin rubutawarka, ba sai wani ya tsaya ya yi lacca a kai ba. A kantar caji ofis ake karɓe bel da takalmi da waya, a rubuta. Akwai ɗan sanda mai binciken ƙarar, shi iyaye ke bi, ba DPO shugaban ofishin ba. Beli na bukatar mai tsayawa wanda aka san gidansa, shi ya sa mai unguwa ke da nauyi a irin wannan labari. In laifin kisa ne ko fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumin yanke shi: za ta tura shi ajiya a gidan gyaran hali, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan babbar kotu. Jiran nan na iya cin watanni ko shekaru. Saboda haka babin da aka kama yaro ranar Litinin alƙali ya yanke masa shekara goma ranar Alhamis, yage shi. Kuma in shekarunsa ba su kai sha takwas ba, batun shekarun kansa abin jayayya ne a caji ofis da kotu, musamman in babu takardar haihuwa.

Yanzu harshe. Labari da bakin marubuci ka yi shi da daidaitacciyar Hausa, amma mutanenka su yi magana irin ta garin. A bakin mutane da yawa a Gombe da Bauchi bambancin namiji da mace a kan kaya ba ya fitowa: "motan shi", "rigan nan". Za ka ji "kai abinci wa Bappa" inda Bakano zai ce "kai wa Baffa abinci". Sunayen dangi na Fulatanci sun zauna daram ko a gidan da ba a jin yaren: Hamma, Adda, Bappa, Goggo, Dada. Kuma garin ba na ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Fulani da Hausawa da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da Barebari, akwai Inyamurai masu kayan gyara, akwai coci da masallaci a unguwa ɗaya. Gareji ko ajin makarantar gwamnati da kowa a cikinsa Musulmi ne Bahaushe ba na Gombe ba ne. Amma kada ka cika hannu. Alama biyu ko uku a bakin kowane mutum, ka riƙe su daga farko har ƙarshe, sun fi ka mayar da kowane layi wasan kwaikwayon karin harshe. Kalmomin majalisa kuma saurin tsufa suke yi, wadda ake yayi bana ba ita aka yi a 2015 ba.

Wa'azin da aka ce ya yi yawa, yawanci a bakin uwa da liman yake taruwa. Ga irin abin da nake nufi. Marubuci zai sa uwa ta ce: "Ɗana, ka ji tsoron Allah, ka sani shaye-shaye da bangar siyasa suna lalata rayuwar matasa, su kuma 'yan siyasa 'ya'yansu suna ƙasar waje." Babu uwar da ke magana haka a tsakar gidanta. In ɗan fari ne ma ko sunansa ba za ta kama ba. Abin da za ta yi shi ne, ya ajiye mata dubu biyar a bakin tabarma, ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwarsa, "Ce wa Hammanku ya ɗauke abinsa, iska za ta kwashe." Washegari kuma babu gari a gidan. Ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba? Wannan tambayar ta fi nasiha feji uku aiki, kuma amsar da ta fi ciwo ita ce wata rana ta ɗauka. Ƙa'idar da za ka bi wajen gyara: duk inda wani ya yi magana ta wuce layi huɗu ba a katse shi ba, duba ko yana neman wani abu daga wanda yake yi wa maganar. In ba ya neman komai, kai ne kake magana da bakinsa, goge. Liman ma mutum ne mai iyali da cefane, kuma wataƙila wanda ya yi wa masallacin rufi shi ne mai ba yaran kuɗi.

Matan labarin kada su zama uwa mai kuka da budurwa mai jira kawai. Yarinyar da ta tashi a lungu ɗaya da shi ita ma girma take yi, da nata lissafin: talla, kai niƙa, Islamiyya, adashin uwarta, kayan ɗaki, da sunan da yayanta ya ja wa gidan har masu neman aurenta suka fara janyewa. Babi biyu ko uku ta idonta za su nuna ɓarnar da shi ba zai iya gani ba.

Yawan mutane: kada masu suna su wuce takwas a feji biyar na farko. Majalisa mai mutum goma sha biyu, uku ka ba fuska, sauran murya ce.

Fitarsa ita ce inda littattafai irin wannan suka fi faɗuwa. Ya ji wa'azi ya fashe da kuka, ko wani Alhaji ya ɗauke shi ya ba shi shago, shi ke nan. Tuba na iya zuwa dare ɗaya, wannan gaskiya ne, amma fita ba ta zuwa haka, domin rukunin mutane huɗu ba su san ya tuba ba. Abokan gaba na ƙetaren kwari har yanzu suna bin sa jini. Abokansa na tsoron zai tona su. 'Yan sanda da 'yan sintiri sun san fuskarsa, duk abin da ya faru a unguwa shagonsa za a fara bugawa. Masu sana'a da iyayen 'yan mata kuma ba sa karɓarsa sai da wanda zai tsaya masa. Hanyoyin da ake fita da gaske kaɗan ne, kowacce da farashinta: a tura shi wurin dangi a Kumo ko Dukku ko Bajoga ya yi noma, ya tafi Legas ko Abuja acaɓa ko dako, wani oga ya ɗauki kasadar karɓarsa ya koma yaron shago a ƙarƙashin waɗanda ya girma, ko rauni ya ajiye shi. Zaɓi ɗaya, ka ba ta aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na littafin, ka sa ya koma ruwa ko sau ɗaya a tsakiya. Mutumin da zai tsaya masa kuma dole mai karatu ya san shi tun feji na uku, kuma tsayawar ta ci masa wani abu.

Wajen bincike, waɗanda suka bari za ka nema, ta hannun wanda suka yarda da shi, da rana, a wurin sana'arsu. Kada ka ɗauki murya sai da izini, kada ka rubuta sunan kowa ko laƙabinsa na gaskiya ko a littafin ajiyarka. Kada ka tambayi mutum "me ya sa ka shiga", amsar da ya saba ba mutane zai ba ka. Tambaye shi me ya ci ranar zaɓe, wa ya raba kuɗin, nawa ya iso hannunsa, ina ya kwana, wa ya wanke rigar. Mai gidan yaran a labarinka kuma ya zama ƙirƙira tsantsa, babu jam'iyya ta gaske, babu muƙami da shekarar da za su nuna mutum ɗaya da ke raye. Wannan kariya ce daga ƙarar ɓata suna, da kuma abin da ya fi ƙara saurin zuwa.

Feji goma sha biyun da ka riga ka saki ba asara ba ne, amma kada ka ɗora a kansu. Sanar da masu karatu cewa za ka dawo da labarin daga farko, ka rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku kafin ka sake sakin ko feji ɗaya, domin mai saki yana rubutawa sharhin masu karatu ne ke tuƙa shi, su kuma aure da ramuwa suke nema. Kafin saki, samu mutum biyu daga unguwar da ka zaɓa, ɗaya namiji wanda ya yi zaman majalisa, ɗaya mace mai 'ya'ya samari, ka karanta musu babi uku da baki, kowanne daban. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ce musu su tsayar da kai duk inda aka faɗi abin da ba a faɗa, ko aka biya kuɗin da ba a biya, ko aka bi hanyar da ba ta ɓullewa, kai kuma ka sa alama a gefen takarda ka ci gaba da karatu ba tare da ka kare kanka ba.